Tabbas Kafin Araha: Jiragen Fito da Tattalin Arzikin Tsibiran Yammacin Sikotilan

Tsakure

Wannan takarda ta duba alaƙar da ke tsakanin jiragen fito da tattalin arzikin tsibiran da ke yammacin Sikotilan, daga 2008 zuwa 2025. Hujjarta ita ce, abin da tattalin arzikin tsibiri ya fi buƙata daga jirgin fito shi ne tabbas, wato mutum ya san cewa jirgin da jadawali ya ce zai tashi zai tashi, kuma zai sami gurbi a cikinsa. Ta nuna cewa manufofin da aka bi a waɗannan shekaru sun fifita rage kuɗin fito da gina manyan jirage, suka bar abubuwan da ke haifar da tabbas: jirgin ko-ta-kwana, jirage masu ƙira iri ɗaya da za su iya tsayawa a kowace tasha, da sabunta jirage a kan kari. Takardar ta kuma amsa sukar da ake yi wa wannan matsayi ta fuskar tsada, yanayi, alƙaluman kamfani, 'yan kasuwa masu zaman kansu da batun gadoji.

Shimfiɗa

A gaɓar yammacin Sikotilan, a arewacin Birtaniya, akwai jerin tsibirai da jama'a ke zaune a cikinsu, tun daga Arran da Bute da ke bakin kogin Clyde, zuwa Islay da Mull, har can tsibiran Hebrides na waje, wato Lewis da Harris da Uist da Barra, waɗanda tekun Atlantika ke dukan bayansu. Kusan duk abin da mazauna wuraren nan suke ci, ko suke gini da shi, ko suke zubawa a tankin mota, ta ruwa yake zuwa, kuma abin da suke sayarwa ta ruwa yake fita. Kamfani guda ne ke ɗauke da mafi yawan wannan nauyi, wato Caledonian MacBrayne, wanda kowa ya fi sani da CalMac. Mallakar gwamnatin Sikotilan ne, an samar da shi a 1973 bayan haɗe tsofaffin kamfanonin jirage biyu, yana gudanar da jirage sama da 30, kuma yana ɗaukar fasinja kimanin miliyan 5 a shekara. Sai dai jiragen da yake tuƙawa da yawancin tashoshin ba nasa ba ne. Tun 2006 aka raba aikin, aka kafa wani kamfanin gwamnati mai suna CMAL ya riƙe jirage da tashoshi, yayin da hukumar sufuri ta Transport Scotland ke tsara manufa da fitar da kuɗi. Wannan rabo gida uku zai sake fitowa a gaba, domin yana da hannu a yadda aka yanke shawarwarin da suka jawo matsalar.

Abin da tsibiri ke saya idan ya sayi tikiti

Kayan da waɗannan tsibirai ke fitarwa suna da wata siffa da ta sa lokaci ya fi kuɗin fito muhimmanci a wurinsu. Masunta a Uist da Barra da Harris suna kamo ƙaguwa da jatan lande da makamantansu, a loda su da ransu cikin manyan motoci masu tankunan ruwa, a nufi kasuwannin Faransa da Sifaniya da su. Irin wannan kaya darajarsa tana cikin numfashinsa. Idan mota ta kwana a bakin tasha ta rasa jirgi, ta rasa na gaba da zai ƙetara da ita zuwa Turai, ta kuma rasa ranar kasuwa. Haka kifin salmon da ake kiwo a gonakin ruwa, wanda ake yanka shi da lissafin sa'ar da zai isa wurin sarrafawa. Makiyayan tumaki da shanu kuwa, a kaka suke fitar da dabbobinsu zuwa kasuwannin gwanjo na babban tudu irin su Dingwall da Oban, kuma kasuwar gwanjo ba ta jiran wanda jirgi ya bari. A Islay, tsibirin da mazaunansa ba su wuce 3,000 da 'yan kai ba, masana'antun barasar wiski suna shigo da hatsi da man fetur da ganguna, suna fitar da tankoki, har ta kai motocin kaya na gogayya da motocin jama'a a kan gurbi ɗaya. Ko saƙar Harris Tweed, wadda dokar 1993 ta ce dole mazauna Hebrides na waje su saƙa ta da hannu a gidajensu, ba ta isa shagunan Landan da Tokyo sai ta hau jirgin Stornoway ko na Tarbert.

Yawon buɗe ido ma haka yake, har ya fi. Lokacinsa gajere ne, daga wajen Afrilu zuwa Satumba, kuma a cikin waɗannan watanni ne mai masauki da mai gidan abinci da mai hayar keke za su tara abin da zai riƙe su har shekara ta zagayo. Ɗakin da ya kwana babu baƙo a watan Yuni ba a iya ajiye shi a sayar a Nuwamba. Abin da ya fi wannan ciwo shi ne, baƙon da aka soke masa jirgi bana ba ya dawowa baɗi, kuma yana gaya wa wasu. Kamfanonin da ke shirya wa ayari tafiya da manyan bas sukan tsara hanyarsu shekara guda kafin lokaci, don haka da zarar wani tsibiri ya yi ƙaurin suna da soke jirgi, sai su zare shi daga tsarinsu baki ɗaya. Asarar rana ɗaya takan haifi ta shekaru.

Daga nan ne tushen hujjar wannan takarda ya taso. Wanda zai zuba jari a tsibiri ba ya lissafi da yadda jirgi ke tafiya a yawancin ranaku, yana lissafi ne da mako mafi muni da zai iya faɗa masa, domin wannan makon ne zai sa ya saɓa alkawari da mai saye, ya biya direba kuɗin zaman banza, ya tara kaya a sito fiye da ƙima don tsoron yankewa. Duk waɗannan kuɗi ne na gaske, amma ba sa fitowa a farashin tikiti, ba sa kuma fitowa a littafin lissafin kamfanin jirgi. A wuyan mai shago da masunci da mai masauki suke sauka. Kuma lissafin bai tsaya ga 'yan kasuwa ba. Matasan ma'aurata da ke tunanin zama a Barra, inda fito zuwa Oban ke cin kusan sa'o'i biyar, suna tambayar kansu ko za su iya kai mara lafiya wurin ƙwararren likita a Glasgow ranar da aka ba su, ko za su iya halartar jana'izar dangi. Ƙidayar 2011 ta sami mutum 27,684 a Hebrides na waje, ta 2022 kuwa ta sami kimanin 26,200, alhali a farkon ƙarni na ashirin sun haura 46,000. Ba za a ɗora wa jirgin fito dukan wannan raguwa ba, domin ƙarancin gidaje da ayyuka da tsufan jama'a duk suna ciki. Amma yankin da ke zubar da mutane a hankali ba shi da ƙarfin jure wani ƙarin dalili na tashi, musamman da yake nan ne harshen Gelik ya fi sauran ƙarfi, kuma duk gidan da ya tashi yana tafiya da masu magana da shi.

Araha ta riga jirgi isowa

A watan Oktoba na 2008 gwamnatin Sikotilan ta fara gwajin wani tsarin farashi a hanyoyin Hebrides na waje da Coll da Tiree. Ma'anar tsarin ita ce a daidaita kuɗin fito da abin da mota za ta ci idan da a ce tazarar ruwan hanyar kwalta ce, a ƙara wani ɗan kuɗi tsayayye a kai. An faɗaɗa shi zuwa Islay da maƙwabtansa a 2012, zuwa Arran a 2014, sannan ya game sauran hanyoyin CalMac a Oktoba 2015. Niyyar mai kyau ce, kuma adalci ne a faɗi cewa ta cika wani ɓangare na alkawarinta: kuɗin fito ya sauka ƙwarai a hanyoyi da dama, baƙi sun ƙaru, mazauna sun sami sauƙi. Amma ragin ya fi tasiri a kan motoci, kuma wurin ajiye mota shi ne abin da jirgin fito ya fi ƙaranci. Mutumin da a da zai bar motarsa a Ardrossan ko Oban ya shiga jirgi da ƙafa, yanzu ya ga babu dalilin barin ta. Motocin kwana na masu yawon shaƙatawa, waɗanda kowace ke cin wurin ƙananan motoci kusan biyu, suka yawaita. Sai ya zama a tsakiyar bazara mazaunin Mull ko Tiree da larura ta taso masa yau ba ya samun gurbi sai bayan kwanaki, domin baƙin da suka san ranar hutunsu tun watanni sun riga sun kame.

Hausawa na cewa araha ba ta ado, kuma a nan ma'anar ta fito fili: an sauƙaƙa abin da babu isasshensa. Rage farashi da ƙara jirage aiki ɗaya ne da bai kamata a raba shi ba, amma na farkon ana yin sa da sanarwa guda, na biyun kuwa yana cin shekaru da kuɗi masu yawa, kuma gwamnatin da ta fara shi ba lallai ita za ta yanke ƙyallen buɗe shi ba. Daga 2011, lokacin da Finlaggan ya fara aiki a hanyar Islay, har zuwa farkon 2025, sabon babban jirgi ɗaya tak ya shiga aikin CalMac, wato Loch Seaforth a 2015. An sami ƙananan jirage uku masu haɗa batir da dizal, an kuma sayo wani na hannu daga Norwe aka sa masa suna Loch Frisa, amma ƙashin bayan aikin ya ci gaba da zama jiragen da aka ƙera a shekarun 1980 da 1990: Isle of Arran na 1984, Hebridean Isles na 1985, Isle of Mull na 1988, Lord of the Isles na 1989, Caledonian Isles na 1993. Tsohon jirgi yana buƙatar ƙarin kwanaki a wurin gyaran shekara, idan an buɗe shi a ga tsatsar da ba a zata ba, kayan gyaransa kuma wasu an daina ƙera su. A kan irin waɗannan jirage ne aka ɗora ƙarin nauyin da araha ta jawo.

Babban jirgi ɗaya, da abin da ke biyo bayan lalacewarsa

Loch Seaforth ya cancanci a tsaya a kansa, domin shi ne misali mafi bayyana na bambancin da ke tsakanin girma da tabbas. An ƙera shi a Flensburg ta Jamus, yana ɗaukar fasinja 700 da ƙananan motoci sama da 140, kuma an kawo shi ne ya maye gurbin jirage biyu a hanyar Ullapool zuwa Stornoway, na fasinja da na kaya. A kan takarda lissafin ya yi: jirgi ɗaya, ma'aikata kaɗan, mai kaɗan, yana aiki dare da rana. Da yawa daga mutanen Lewis sun nemi a ba su jirage biyu matsakaita, ba a saurare su ba. A watan Afrilu na 2021 injinsa ya lalace, ya bar aiki na makonni, har ƙarshen Mayu. Hanyar da ke ciyar da tsibiri mafi yawan jama'a a yankin ta wayi gari babu jirginta, dole aka janyo Isle of Lewis daga hanyar Barra, aka janyo wani ya rufe Barra, haka aka yi ta ja har matsalar ta taɓa tsibiran da ke nesa da Lewis ƙwarai. Idan hanya tana da jirage biyu, ɗaya ya lalace, an rasa rabin aiki. Idan ɗaya ne, an rasa duka, kuma maƙwabta ne ke biya.

Wannan jan jirgi daga wata hanya zuwa wata shi ne ainihin yadda rashin tabbas ke yaɗuwa, kuma ba ya sauka a kan kowa daidai. Kamfanin yana da ma'aunin da yake bi wajen zaɓar hanyar da za a sadaukar, kuma ma'aunin ya fi duba yawan mutanen da abin zai shafa da ko akwai wata hanya ta zagaye. Saboda South Uist na haɗe da North Uist ta kwalta, ana ɗaukar cewa mutanenta za su iya bi ta tashar Lochmaddy da ke North Uist, don haka jirginsu, Lord of the Isles, shi ne aka fi saurin ɗaukewa. A watan Yuni na 2023 aka soke kusan dukan tafiye-tafiyen Lochboisdale, tashar South Uist, zuwa Mallaig na watan, domin a kai jirgin ya rufe Islay yayin da Finlaggan ya tafi gyaran shekara. Ɗaruruwan mutane suka fito zanga-zanga a Lochboisdale da motocinsu da manyan motocin kaya, a tsibirin da duka mazaunansa ba su kai 2,000 ba. Ma'aunin da ke rage yawan waɗanda za su cutu a kowace rana yana da kyan gani, amma idan aka maimaita shi sau da yawa sakamakonsa shi ne tsibiri ɗaya ya zama mai biyan bashin kowa, kuma shi ne wanda tattalin arzikinsa ya fi rauni tun farko. Wannan zalunci ne, ko da babu wanda ya nufe shi.

Maganin da aka tanada domin sauƙaƙa wannan matsi shi ne jirage biyu da aka ba kamfanin Ferguson na Port Glasgow kwangilarsu a 2015, a kan fam miliyan 97, da alkawarin miƙa su a 2018. Labarinsu sananne ne, don haka a taƙaice: kamfanin ya durƙushe a 2019 gwamnati ta karɓe shi, wani kwamitin majalisar Sikotilan ya bayyana yadda aka gudanar da sayen a matsayin mummunar gazawa a 2020, ofishin mai binciken kuɗi ya nuna a rahotonsa na Maris 2022 cewa an amince da kwangilar ba tare da cikakken lamunin maido da kuɗi da aka saba nema daga maƙerin jirgi ba, duk da damuwar da CMAL ya nuna. Na farkonsu, Glen Sannox, bai fara ɗaukar fasinja ba sai Janairu 2025, na biyun kuwa, Glen Rosa, har ƙarshen 2025 ba a miƙa shi ba, kuɗin kuma ya ninka kusan sau huɗu. Abin da ya fi dacewa da hujjar wannan takarda shi ne wani ɓangare da ba a cika tsayawa a kansa ba. An ƙera Glen Sannox domin hanyar Arran, amma ba ya iya amfani da tashar Ardrossan yadda take, alhali daga nan ne fito ya fi gajarta kuma jirgin ƙasa ke kai fasinja har bakin ruwa. Dole ya riƙa tashi daga Troon, tafiyar ta ƙara tsawo, yawan zuwa da dawowa a rana ya ragu. An kuma yi shi da inji mai amfani da narkakkiyar iskar gas, wadda ake ɗauko ta da tanka tun daga Kent a kudancin Ingila. Jirgi ya fito daga ofishi ɗaya, tasha a lokacin tana hannun wani kamfani mai zaman kansa, jadawali na hannun na uku, kuma babu kujera ɗaya da aka ɗora wa alhakin ganin sun haɗu.

Sukar da ake yi, da amsarta

Suka ta farko, kuma mafi nauyi, ita ce ta kuɗi. Jirgin ko-ta-kwana jirgi ne da ake biya wa inshora da gyara da ma'aikata alhali yawancin ranaku yana ɗaure, kuma mai biyan haraji a Glasgow yana da haƙƙin tambayar dalilin da zai sa a ƙara wa aikin da tuni yake cin tallafi mai yawa wani nauyi. Amsar ita ce ana biyan wannan kuɗi ko da jirgin ko babu shi, bambancin kawai wanda ke biya da lokacin da ake biya. A 2023, da tura ta kai bango, gwamnati ta yi hayar jirgin Alfred daga kamfanin Pentland Ferries a kan fam miliyan 9 na watanni tara, aka kuma yi ta tsawaita hayar. Caledonian Isles, babban jirgin Arran, ya shiga gyara a farkon 2024 ya shafe fiye da shekara guda da rabi bai dawo ba. Wanda ya je neman jirgi a ranar da yake cikin matsi ba shi da bakin ciniki, kuma jiragen da za su dace da waɗannan ƙananan tashoshi masu ƙarancin zurfi ba su da yawa a kasuwar duniya. Direban da ke shiga dogon daji ba ya kallon safayar taya a matsayin asara don ta yi wata shida ba ta taɓa ƙasa ba. Idan za a auna tsadar jirgin ajiya da gaskiya, a ɗora ta a sikeli da kuɗin haya na gaggawa, da gyaran tsofaffin jirage da ya wuce ƙima, da asarar 'yan kasuwar tsibiri wadda yanzu ba ta shiga lissafin kowa.

Suka ta biyu ta ce yawancin sokewa iska da igiyar ruwa ke jawo su, kuma babu kuɗin da zai kwantar da tekun Minch, da ke tsakanin Hebrides na waje da babban tudu, a watan Janairu. Gaskiya ne yanayi ne ke kan gaba a dalilan soke tafiya, kuma babu mai hankalin da zai nemi kyaftin ya fita da rayukan mutane cikin hadari. Sai dai sokewar yanayi da ta lalacewar inji ba nauyinsu ɗaya ba. Ta yanayi tana zuwa ne galibi a hunturu, ana hango ta a hasashen kwanaki, tana wucewa cikin kwana ɗaya ko biyu, kuma mutanen tsibiri sun gina rayuwarsu a kanta tun kaka da kakanni. Ta inji ba ta sallama, tana iya faɗowa a tsakiyar Yuli, tana iya cin wata biyu. Bayan haka, yadda yanayi ke shafar jirgi ya danganta da ƙirar jirgin da tashar: jirgi mai tsayin jiki da iska ke kamawa, a tashar da ba ta da kariya kamar Ardrossan, zai soke tafiya a iskar da wani zai iya jurewa. Kuma bayan hadari ya wuce, abin da ke kwashe motocin da suka taru a bakin tasha shi ne ƙarin gurbi. Inda babu shi, hadarin kwana ɗaya yana zama cunkoson mako.

Suka ta uku tana dogara da alƙaluma: ai fiye da kashi 90 cikin 100 na tafiye-tafiyen da aka tsara suna gudana, to ina matsalar? Matsalar tana cikin abin da aka tara aka raba. Hanyar Largs zuwa Cumbrae fiton minti goma ce, ta Colintraive zuwa Rhubodach ba ta kai haka ba, kuma kowace tana yin zuwa da dawowa da yawa a rana. Idan aka zuba su a kwano ɗaya da hanyar Lochboisdale, wadda ke samun tafiya ɗaya ko biyu a rana, za a iya soke Lochboisdale wata guda cur adadin bai motsa sosai ba. Ma'aunin kwangila kuma yana cire sokewar da ba laifin kamfani ba, wanda ya dace wajen hukunta kamfani amma ba ya faɗin abin da mai jiran kaya ya gani. Sama da duka, babu adadin da ke ƙirga mutumin da ya nemi gurbi aka ce ya cika, ya haƙura. Jirgin da ya tashi a kan lokaci cike da baƙi, ya bar mazaunin da ke da ganin likita, a littafi ya yi aiki ɗari bisa ɗari. Ma'aunin da ya dace shi ne na kowane tsibiri shi kaɗai: kwana nawa a jere ya fi daɗewa babu jirgi, kuma kwana nawa mazauni ke jira kafin ya sami wurin mota. Gwajin da aka fara a hanyoyin Mull da Coll da Tiree, na riƙe wani kaso na gurbi har kusa da ranar tafiya, ya nuna an fara gane wannan, ko da yake rabon abin da bai isa ba ne.

Akwai kuma masu cewa a bar wa 'yan kasuwa. Suna nuna Western Ferries, wanda tun 1973 yake fito tsakanin yankin Gourock da Dunoon ba tare da tallafi ba, da Pentland Ferries da ke kai mutane Orkney, wanda aka ƙera jirginsa Alfred mai gangar jiki biyu a Biyetnam da kuɗi kaɗan ƙwarai idan aka kwatanta da na Ferguson. Misalan na gaske ne, kuma akwai darasi a cikinsu, amma darasin yana goyon bayan hujjar wannan takarda ne. Ƙarfin Western Ferries yana cikin jirage huɗu masu sauƙin ƙira, kusan iri ɗaya, waɗanda kowane ke iya maye gurbin ɗan'uwansa a tashoshin da aka gina daidai da su. Wannan tsari ne, kuma gwamnati ma za ta iya bin sa. Abin da ɗan kasuwa ba zai yi ba shi ne kai jirgi Colonsay ko Tiree a watan Fabrairu da fasinja ƙalilan. Idan aka yanka hanyoyin aka sayar da masu riba, waɗanda suka rage za su rasa ko da ɗan sauƙin da suke samu yanzu na aron jirgi daga wata hanya. Game da gadoji da ramukan ƙarƙashin teku kuwa, inda tazara ta ba da dama sun yi amfani: gadar Skye ta 1995, ta Scalpay ta 1997, hanyoyin cike ruwa na Berneray da Eriskay, kuma tsibiran Faro sun nuna abin da ramuka ke iya yi. Kowace irin wannan hanya tana 'yanta jirgi ya koma wani wuri. Amma babu mai shirin haƙa rami daga Ullapool zuwa Stornoway ko daga Oban zuwa Castlebay, kuma a waɗannan dogayen hanyoyi ne matsalar ta fi tsanani.

Matakan baya-bayan nan sun karkata zuwa inda ya dace. A 2022 an ba kamfanin Cemre na Turkiyya kwangilar jirage biyu domin Islay, daga baya aka ƙara biyu masu ƙira ɗaya domin hanyoyin Uig zuwa Tarbert da Lochmaddy, inda jirgi ɗaya ke hidimar tsibirai biyu, kuma an gyara tashoshin domin su karɓe su. A 2025 an ba kamfanin Remontowa na Polan aikin ƙananan jirage bakwai masu lantarki, su ma iri ɗaya. Gwamnati ta sa wa kanta burin sauko da matsakaicin shekarun jiragen zuwa kimanin 15, ta kuma ce za ta riƙe babban jirgi ɗaya domin ko-ta-kwana. A wannan alkawari na ƙarshe ne ya kamata mazauna tsibiran da majalisa su sa ido, domin shi ne mafi sauƙin zamewa. Jirgin ajiya da ya haura shekara 30, wanda shi kansa ke buƙatar a cece shi, ba zai ba da tabbacin da ake nema ba. Haka wanda ba a tanadar masa ma'aikata ba, ko wanda ba ya shiga rabin tashoshin. Kuma duk bazara za a sami matsin lamba, daga 'yan kasuwar tsibiran kansu, a saka shi cikin jadawali domin ya kwashi ƙarin baƙi, wanda idan aka yi, ranar da wani ya lalace za a koma janye jirgin Lochboisdale. Saboda haka ya kamata a rubuta jirgin ajiya a cikin kwangilar aikin da kasafinsa na daban, a fayyace sa'o'in da dole ya isa hanyar da ta yanke, sannan a riƙa ba da odar sabon babban jirgi a kai a kai bisa jadawalin da ba ya jiran zaɓe, domin kada jirage shidan Ferguson da Cemre, masu shigowa kusan tare, su tsufa tare nan da shekara 25.